Taku Goma Sha Shida na Alhaji Maiturare

Daga Allah muka fito, gare Shi za mu koma, da mai sauri da mai jan ƙafa.

Ranar Litinin sha ɗaya ga Sha'aban 1446, daidai da goma ga Fabrairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Alhaji Abdulgaffar Maiturare yana da shekara saba'in da huɗu. Ba a kan gadonsa ya cika ba. Wani direban tirela ne ya hango shi kwance a filin da ke bayan rumbunan kaya na Mahjar, bokitin farar ƙasa a gefensa, rabin farar ta zube. Kafin motar asibiti ta iso, rai ya yi halinsa. Bayan la'asar aka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa a nan Jidda, garin da ya zauna shekara arba'in da shida.

Ni ne Abdulbaƙi, wanda mutanen unguwar Karantina suka fi sani da Mai Igiya. Magini ne ni, tun ina iya ɗaga bulo da hannu ɗaya har ƙarfi ya ƙare. Ban yi boko ba, ban zauna a madarasa ba. 'Yata Mastura ce ke sa wannan magana a rubuce, na kuma gaya mata duk inda ta gyara min harshe don ya yi daɗi, ban yafe ba. Na san akwai masu cewa, "Tsohon nan da ya yi shekara biyu ba ya gaisawa da mamacin, shi ne zai yi masa ta'aziyya?" E, ni ne. Ku da kuka gaisa da shi kullum, me kuka sani?

Maiturare, da kai nake.

A 1979 ka zo aikin Hajji ka tsaya. Kana malamin makaranta a Zariya, ka ajiye alli ka kama kwalaben turare a wani ɗan shago a Bab Sharif. A cikin akwatinka, ban da tufafi, akwai sanduna biyu masu lanƙwasasshen kai da wata farar ƙwallo mai taurin dutse. Ranar da na fara ganinka kana dukanta kai kaɗai a kangon bayan masallacinmu na Karantina, na koma gida na ce wa matata Zinariya, Allah Ya jiƙanta, "An samu wani Bazazzagi da rana ta taɓa wa kai, yana korar ƙwai da sandar kiwo." Ka ce sunan wasan ƙwallon gora, a kwalejinku ka koya. Mu ƙwallon ƙafa muka sani. Amma ba a yi wata uku ba, leburori 'yan Pakistan da ke aiki a tashar jiragen ruwa suka ji ƙarar sanda, suka biyo ta kamar wanda ya ji yaren garinsu a tsakiyar kasuwa. Yaran unguwa kuma suka fara yanko reshen bishiya suna lanƙwasawa a wuta.

A 1983 ka ce za a zana fili na gaskiya. Ka tsaya a gindin turken raga, ka taka taku goma sha shida, ka ce nan ne bakin da'irar da sai an shige ta ake cin ƙwallo. Na ce maka, "Malam, ƙafa ƙarya take yi. Yau ka ƙoshi ka yi dogon taku, gobe kana azumi ka yi gajere. Igiya ce ba ta ƙarya." Ka yi dariya ka ce, "To Yaya, kawo igiyar." Na kawo tamu ta magina, kana takawa ina ƙullawa, taku ɗaya ƙulli ɗaya, har sha shida. Bayan wasu shekaru wani injiniya ɗan Lahore ya zo da tef ɗinsa na awo don ya kunyata mu. Ya auna, ya sake aunawa, ya naɗe tef ɗinsa ya nemi shayi. Tsawon fili igiya shida da ƙulli huɗu, faɗinsa igiya uku da ƙulli sha biyu. Shekara talatin da takwas muna zana filin nan kowace Juma'a da safe, kai ka riƙe bakin igiya, ni in bi da farar ƙasa, muna musu a kan komai, daga wanda ya fi iya dafa shayi tsakanin Zazzagawa da mutanen Hijaz har zuwa ranar da damina ke sauka a garin da ni ban taɓa gani ba. A tsawon shekarun nan ban taɓa karɓar takardar yabo ba, ko da yake an raba wa waɗanda ko bokiti ba su taɓa ɗauka ba. Wannan kuma wata magana ce.

Abin da mutane za su riƙa tuna ka da shi turare ne. Kafin a busa usur sai ka bi 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya da 'yar kwalba, ka shafa wa kowa a bayan hannu, namu da na abokan karawa, har alƙalin wasa. Ka ce wanda kuke ƙamshi ɗaya da shi, da wuya ka daki ƙafarsa da gangan. Ban yarda ba, don na ga an daka. Amma ban taɓa ganin an tashi wasa da dambe a gabanka ba.

Ni kuwa dokarka nake tunawa: ba mai riƙe sanda a ƙungiyarmu sai yana karatu. Yaro ya fi kowa iya wasa, in ya bar makaranta, sai ka ce ya ajiye sandarsa a shagonka har ya koma. Akwai shekarar da ka zaunar da wanda ya fi ci mana ƙwallo ana gobe wasan ƙarshe, don an ce maka ya yi mako biyu bai shiga aji ba. Aka cinye mu. Na yi wata guda ina yi maka gori. Yau yaron shi ke haɗa magani a wani asibiti, ni kuma nake zuwa wajensa da takardar hawan jini. Da kanka kake bin ofisoshi da fayil a hammata kana nema wa yaran unguwa gurbi a kwalejoji da cibiyoyin koyon sana'a, wanda takardunsa suka cika da wanda sai an yi ta fama. Shi ya sa da gasar ta kafu ta zama ta ɗalibai: ƙungiyoyi takwas, uku na 'yan Pakistan, biyu na Indiya, ta Sudan, ta Masar, sai tamu, Samarin Karantina.

Shekarar da kafilina, ubangidan da ya tsaya min a wajen hukuma, ya rasu, iƙamata, wato takardar izinin zama, ta rataye, wata bakwai ban iya fita babban titi ba. Kai ka riƙa rufe shagonka kana zagayen ofisoshi har aka mayar da ni hannun wani kafilin. Da Zinariya ta rasu, kwana arba'in kwanon gidanka bai yanke daga ƙofata ba. Kai kuma ka zo ka zauna ba ka cewa komai, don ka san ba na son a yi min wa'azi. Duk ina sane. Ban manta ba ko a lokacin da nake ƙin kallonka.

Wanda bai ga Karantina ranar wasan sili-ɗaya-ƙwale ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Dokar dā mai sauƙi ce: in an gama zagayen farko, ƙungiyar da ta fi maki ita ke karɓar baƙi a filinta. Ba a buga takarda, ba a sayar da tikiti. Ladan ya faɗa a ƙofar masallaci bayan Juma'a, shi ke nan. Ana sallame la'asar sai ka ga lunguna suna amayo mutane. Masu tsire sun hura wuta, masu balila, dafaffen waken Larabawa, sun jera tukwane, tsofaffi a kan kujerun da suka ɗauko daga gida. Mata kuwa suna kan rufin gidajen da suka kewaye filin, ba mai tambayarsu wa ya kawo su, suna jan shayi da guga daga ƙasa. In muka ci, guɗar Hajiya Kulu, matarka, ita ke fara tashi, saura su amsa daga rufi zuwa rufi. Mai tsaron ragar 'yan Sudan ya taɓa rantse min cewa ba ƙwallon yake tsoro ba, guɗar yake tsoro. In kuma wasu ne a sama, mu kwasa mu tafi nasu filin, su kaɗa mana ganga a kunne, mu dawo muna ƙunƙuni. Haka ake wasa.

Sai hukuma ta zo da jan fenti aka yi wa bangayenmu alamar rushewa. Ba zan tsawaita a kan rusau ba, kowa ya san abin da ya gani. Unguwa ta tafi, fili ya tafi, rufin mata ya tafi. Muka watse, wasu Mahjar, wasu Sa'alaba irina, wasu Bahra, wasu Makka, wasu suka koma ƙasar da kakanninsu suka baro, su ba su taɓa taka ta ba. Igiyar kaɗai na fitar da hannuna, sauran kaya yara ne suka kwashe.

A farkon 2023 kwamitin gasa ya zauna. Dokta Na'ibi, likitan ƙashi da ya zo daga Nijeriya a kan kwangila, mutumin da ya ɗinke gwiwoyin yaranmu ba adadi, wannan kam na ba shi, shi ya kawo shawara: tun da wasu ba su da fili yanzu, a daina kai wasannin sili-ɗaya-ƙwale gidan kowa, a kama fili ɗaya da ba na kowa ba. Ya samo wani can arewa ta wajen Abhur, mai ciyawar roba, mai kujeru dubu biyu, har da wurin wanka. Na je taron ba a gayyace ni ba. Na ce akwai fili a Mahjar bayan rumbuna, na wani dattijo Bahadrame ne, ya ce a yi amfani da shi, duwatsu kawai za a tsince. Suka saurare ni yadda ake sauraron mahaukacin kasuwa. Aka ce mai son filin Abhur ya ɗaga hannu, kowace ƙungiya wakili ɗaya, kai ne namu. Huɗu suka ɗaga. Da an tsaya huɗu da huɗu, dokar dā ce za ta zauna. Na zuba maka ido. Ka kalli ƙasa, ka ɗaga hannu.

Sau ɗaya na je filin nan. Mota biyu na hau, fiye da awa guda a hanya. A ƙofa akwai mai gadi, sai ka yi rajista a waya ka sa lambar iƙamarka kafin ka shiga. Dokta da abokansa ba su ga komai a ciki ba, su da kamfani ke sabunta musu takardu suna zaune. Ba su san mutanenmu ba. A gabana Hajiya Madina, wadda aka haifa a Jidda tun kafin a haifi uban mai gadin, wadda ba ta taɓa fashin wasa ba, ta tsaya ta ji ana maganar lamba. Tata iƙamar ta ƙare, ana kan neman sabuntawa. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ce mata uffan. Ta gyara mayafinta ta ce, "Halas, shi ke nan, ku gaishe min da yaran," ta juya. Kafin magariba labari ya kai ko'ina. Bahaushen Jidda zai bi ka har bangon duniya, amma kada ka ce ya rubuta lambarsa don ya kalli wasa.

Na shiga, na ƙirga. Mutum arba'in da ɗaya, har da direban motar asibiti. Kujeru shuɗɗa dubu biyu suna kallonmu. In ƙwallo ta daki katakon raga sai ƙarar ta je ta dawo kamar a cikin rijiya. Usama, autanka, kyaftin ɗinmu, ya ci wata ƙwallo mai kyau, ya juya da gudu yana neman inda zai kai murnarsa, ya rasa, ya durƙusa ya gyara safarsa. Gangar 'yan Pakistan ma ba ta zo ba. Wa zai bar unguwarsa ya tafi Abhur?

Ka zo ka zauna kusa da ni ka ce, "Yaya, dubi gwiwoyin yaran. Yau ba jini."

Na ce, "Ba jini, ba mutane. Ka sayar da mu don ciyawar roba, Bazazzagi."

Ka ce, "Shekara arba'in suna faɗuwa a kan tsakuwa. Na so su ga yadda ake yi a duniya, ko sau ɗaya."

Na ce, "To ga duniyar nan, tashi ka gaisa da ita." Na kama hanyata.

Daga ranar ban ƙara ba ka hannu ba. Na san hukuncin wanda ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ba sai liman ya tuna min ba, ya kuma tuna min. In ka yi sallama sai in amsa a cikin maƙoshi, yadda mala'iku za su ji kai ba za ka ji ba. Ranar Salla ka aiko min da turare, na ba mai shara.

Bara mutum ashirin da tara suka je. Kwamiti ya ce tun da ba masu kallo, bayan gasar bana za a rage ta zuwa ƙungiya huɗu, kuma wadda ba ta da fili ba ta da jama'a ita za ta fara fita. Ba sai an kira suna ba. Bana kuwa yaranmu suka gama zagayen farko a saman kowa. A dokar dā, mu ne da karɓar baƙi.

Mako uku kafin rasuwarka, bayan azahar, na ji ana hawa matakalar gidanmu a Sa'alaba. Bene uku ne. Na ji mai hawan yana tsayawa a kowane bene yana mayar da numfashi, na kuma ji ƙamshin tun kafin a ƙwanƙwasa. Na buɗe ƙofar rabi.

Ka ce, "Yaya Abdu, na yi kuskure. Na faɗa wa kwamiti a rubuce. Sun ce in nuna musu fili. Ka zo mu zana na Mahjar."

Na ce, "Ƙafata ciwo take."

Ka ce, "Tayyib. Ara min igiyar."

Na ce, "Ta tafi a rusau."

Ka dube ni. Ka san ƙarya nake, na san ka sani. Ka ce, "Ma'alesh, ba komai. Ƙafar da ta haifi igiyar tana nan." Ka juya ka kama ƙarfen matakala. Ko ruwa ban ba ka ba. Igiyar tana ƙarƙashin gadona, taku huɗu daga inda kake tsaye.

So nake ka sake zuwa, wallahi. Na ce a raina, ya hau sau biyu, a na uku in fito masa da ita. Shekara biyu ina jiran kalmar nan, "na yi kuskure", da ta zo sai na ga ta yi min kaɗan.

Ranar farko ta zaman makoki Hajiya Kulu ta aiko a kira ni. Na tsaya a bayan labule, ta ce, "Yaya Abdu, kullum bayan asuba yake fita. Likita ya hana shi ɗaukar ko buta, shi kuwa duwatsu yake tsincewa. In na yi magana sai ya ce, 'Bari in rage masa aiki. Mai Igiya zai zo, fushinsa ne bai gama nuna ba.'" Ba ta zarge ni ba. Da ta zage ni, da na samu abin riƙewa.

Washegari da safe na jawo igiyar na tafi Mahjar. Filin ya sharu tas. Duwatsun da ka tsince ka tara su a gefe tsibi-tsibi, na ƙirga tsibi talatin da ɗaya na daina. Ka kafa turakun raga, ka ja layin da'ira guda har ka kusa rufe ta. Inda farar ƙasa ta zube, nan ka faɗi. Na ɗaura igiyar a gindin turke, na ja ta zuwa layinka.

A ƙulli na goma sha biyu layin ya tsaya.

Na ce ko ni ne ban ɗaura daidai ba. Na kwance na sake. Sha biyu. Na koma ɗaya turken, sha biyu. Ba ka yi kuskuren ƙirga ba, Maiturare, kai da ka koyar da lissafi. Goma sha shida ka taka cif. Takun ne ya ƙanƙance. Kai ba ka sani ba, ni ma ban sani ba, domin shekara biyu ban tsaya na kalli yadda kake tafiya ba. Igiyar da ke hannuna takunka ne na 1983, layin da ke ƙasa takunka ne na bana. Ƙulli huɗun da ke tsakani shi ne abin da ciwo ya ci a jikinka ina can ina goyon fushi. Na zauna a kan tsibin duwatsunka, na yi kukan da tun ina yaro ban yi irinsa ba.

Da na ba ka igiyar, da dole na biyo ka, don ba a jan ta da mutum ɗaya. Da ina wurin. Na san ajali ba ya jira, an gaya min, kowa ya gaya min. Amma da ka faɗi, da akwai wanda zai tallafi kanka ya laƙƙana maka kalmar shahada, ba direban da bai san ko sunanka ba.

Rana ta uku, kujerun da aka jera a layin gidanka ɗari huɗu ne, na tambayi wanda ya kawo su. Tsakanin magariba da isha sun cika sun watse sau uku. Daga Bahra, daga Makka, mutanen da ban gani ba tun ranar jan fenti. Hajiya Madina na cikin mata. Ba wanda ya yi rajista. Dokta Na'ibi ya zo da 'yan kwamiti, ya bi layi yana gaisuwa. Da ya iso kaina na riƙe hannunsa na ƙi saki.

Na ce, "Dokta, juya ka duba. Su ne mutanen da kuka ce babu."

Ya ce, "Baba, Allah Ya ba da haƙuri. Ba nan ne wurin maganar ba."

Na ce, "Nan ne. A taronku ba kwa ba ni kujera."

Ya ce, "Akwai batun sefti, Baba, akwai inshora, akwai izini."

Na ce, "Waɗannan 'yan wace unguwa ne? In suna son kallo su ma su zo."

Sai Usama ya matso. Hausarsa ba ta da ƙarfi, kamar sauran 'ya'yanmu na nan, amma ya daure ya ce, "Ya Doktor, izini yana wajena, Abuya ya karɓo kafin ya rasu. Wallahi ko mu yi wasa a filinsa, ko halas, ba za mu yi ba."

Dokta ya juya ya bi kujerun da kallo. Jiya Alhamis ya kira Mastura a waya. Ga abin da suka yanke: wasan kusa da na ƙarshe, mu da ɗaliban Sudan, za a yi shi a filin Mahjar ranar Juma'a mai zuwa, ashirin da biyu ga Sha'aban, bayan la'asar. Ba rajista, ba lamba, da ido za su ƙirga. In mutum ɗari uku suka tsaya a bakin filin, a koma dokar dā, ƙungiyarmu ta zauna. In ba su kai ba, baɗi babu Samarin Karantina.

To jama'a, yanzu da ku nake. Ban saba roƙo ba, duk kun san ni. Na yi faɗa da rabinku, sauran rabin kuma ba mu gama ba. Na san zuwa makoki daban, zuwa kallon wasa daban. Makoki kunyar ido ma tana kai mutum, wasa kuwa ba wanda zai tambaye ka me ya hana ka. Wannan ne ya tsaya min a wuya. Ina tsoron in tsaya a bakin filin nan ranar Juma'a in ƙirga arba'in da ɗaya. In haka ta faru, to duwatsun nan a banza ya tsince su, kuma abu na ƙarshe da ya rage mai ɗauke da sunan unguwarmu ya tafi. Gidajen ba mu muka rushe ba. Wannan in ya rushe, mu ne.

Ku zo, don Allah. Wanda ba ya son wasan ya zo ya juya wa filin baya, kai ake ƙirgawa ba ido ba. Wanda ke Bahra ya yi Juma'a a hanya. Masu mota ku ɗauko masu ƙafa. Mata, babu rufi a Mahjar, amma direbobi uku, ciki har da wanda ya tsinci Alhaji, sun yarda su jera tireloli masu buɗaɗɗen baya ta yamma, rana a bayanku, a shimfiɗa tabarmi a kai a sa matakala. Hajiya Madina, ba wanda zai tambaye ki ko sunanki. Wanda na ɓata wa rai ya zo ya zage ni a wurin, zan tsaya, mai zagi ma mutum ɗaya ne a ƙirga. Hajiya Kulu tana takaba ba za ta fito ba, ina neman wadda za ta ara mana guɗa.

Filin kuwa mun zana shi, ni da Usama, jiya da yau. Igiya shida da ƙulli huɗu. Na ja da'irar a ƙulli na sha shida inda ya kamata. Taka kuma, Maiturare, ta sha biyu, ban share ta ba. Usama ya ce alƙalin wasa zai ce layi biyu na rikita 'yan wasa. Na watsa mata ƙasa sama-sama yadda daga nesa ba a gani, amma wanda ya san wurin zai gani. In alƙalin yana da magana ya zo ya same ni. Kwalbar turaren da aka samu a aljihunka, Hajiya ta aiko min. Hannuna na magini ne, bai iya shafa ba, amma zan bi su ɗaya bayan ɗaya, har 'yan Sudan ɗin.

Ka yafe min. Na faɗa a kan kabarinka, ina sake faɗa a gaban mutane: igiyar ba ta tafi a rusau ba, ƙarya na yi maka. Kai ka yi kuskure ka hau bene uku ka faɗa. Ni na yi nawa, ba ni da benen da zan hau.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kulu, da 'ya'yansa Lubna, Ihsan, Rayan da Usama, da jikoki, da 'yan'uwansa na Zariya waɗanda ban taɓa gani ba amma na haddace sunayensu a bakinsa, da duk wanda ya taɓa ajiye sanda a shagon Bab Sharif ya koma makaranta. Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban taɓa iyawa ba. Usama, in an tashi wasa ranar Juma'a, ko mun kai ɗari uku ko ba mu kai ba, ka zo ka karɓi igiyar. Takun mahaifinka ne, ni ajiya kawai aka ba ni.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Abdulgaffar, Ka gafarta masa. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka sa kowane dutse da ya kawar daga gaban yara a mizaninsa. Ka ƙamsasa makwancinsa da ƙamshin Aljanna, shi da bai taɓa barin kowa ya shiga fili ba ƙamshi ba. Mu da muka rage, in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani, kada Ka ɗauke ni da haƙƙin wani a ƙarƙashin gadona. Ka yalwata masa kabarinsa, ya Rabbi. In aunawa za a yi, a auna masa da takun ƙuruciyarsa. Amin.

Abdulbaƙi Mai Igiya
Sa'alaba, Jidda
Juma'a, 15 ga Sha'aban 1446